Ranar da Aka Tsinci Kawu Neville a Bakin Titi

Ranar da gwamnati ta ce za ta ceci masana'antar narka ƙarfe ta garinmu, kowa a Port Ellery ya yi murna, amma mutum ɗaya ne kawai ya ɗauka da shi ake. Kawuna ne, Neville Tulloch, mawaƙi kuma shugaban ƙungiyar kiɗan rok mai suna Baƙar Aradu.

In ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse Baƙar Aradu ta girgiza duniya. Iyakar abin da na san ta girgiza shi ne tagogin layinmu. Faifai huɗu suka fitar tun kafin a haife ni zuwa yau, kuma in ka jera hotunan da ke bayan faifan, fuska ɗaya ce kawai za ka gani a dukkansu, ta Kawu, gashi yana raguwa, tumbi yana ƙaruwa. Sauran kuwa kullum sababbi ne. Mai ganga ya shigo da fara'a, ya fita da zagi. Mai jita ya zo, mai jita ya tafi.

Yadda yake korarsu ma abin ji ne. Sau ɗaya a shekara muke yin makon tarkace, kowa ya fitar da abin da ya gaji da shi, ko karyayyiyar kujera ko firjin da ya mutu, ya ajiye a kan ciyawar bakin titi. Kafin motar ƙaramar hukuma ta zo kwashewa, duk wanda ya ga abin da ya yi masa ya ɗauka, ya zama nasa, ba tambaya, ba mayarwa. Rabin littattafaina a nan na tsince su. To Kawu ba ya iya kallon idon mutum ya ce ya sallame shi. Sai ya jira makon tarkace. Mutum ya wayi gari ya ga gangarsa a bakin titi, tsakanin tsohuwar katifa da injin wanki.

Wadda ya fara yi wa haka ita ce mai gangar faifan farko, wata yarinya mai suna Glenys. Ita ba ta tafi ba. Ta zo ta zauna a kan gangarta a bakin titin, ta harɗe hannu, har rana ta take. Da ya fito ba ta haƙuri, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa ta aure shi. Ta aure shi, amma ba ta sake riƙe sandar kiɗa ba. Na sa ta maimaita mini labarin nan ya fi a ƙirga, kullum sai ta ce ba wani abin daɗi a ciki, tana faɗa tana murmushi.

Bana haƙurin Anti Glenys ya ƙare. Tun aurensu motarta ba ta taɓa kwana a gareji ba, domin garejin na Baƙar Aradu ne: lasifikoki masu tsawon mutum, wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya, da kwalayen faifan da ba a saya ba har rufi. Ƙanƙara ta lotsa mata saman mota, fararen aku suka cinye robar gilashi. Ina kicin ɗinsu ina shan shayi ta faɗa masa.

"Nev, Asabar ta sama ake fara makon tarkace."

"Na sani, masoyiya. Dama mai jitar nan na yanzu ya fara yi mini kallon raini."

"Ba maganar mai jita nake ba. Ko ƙungiyarka ta nemi wani wuri, ko in fitar da komai bakin titi in shigar da motata."

"Glenys, tarihi ne fa a cikin garejin nan."

"To tarihi ya fito ya sha iska."

Kawu ya yi dariya. In babu gareji babu Baƙar Aradu, in kuma babu Baƙar Aradu ban san abin da zai rage na Kawu ba. Shi ma bai sani ba.

Washegari da yamma ina aikina a mashayar bakin teku, ina kai wa mutane soyayyen dankali, aka nuno Minista a talabijin. Ta ce gwamnati ba za ta bar masana'antarmu ta faɗi ba, domin babu gida a Port Ellery da ba shi da wanda ya taɓa aiki a cikinta. Ta ce Asabar ta sama da safe za ta zo ƙofar masana'antar da kanta ta yi jawabi.

Kawu ya doki teburi har giya ta fantsama.

"Kun ji da kunnenku? Babu gidan da ba shi da wanda ya taɓa aiki a ciki! To ku nuna mini gida ɗaya a garin nan da ba shi da wanda ya taɓa buga wa Baƙar Aradu!"

Stav Kontos, mai shagon soyayyen kifi, wanda ya buga ganga a faifai na biyu, ya ce, "Kai dai nuna mana gida ɗaya da ba ka kori ɗansu ba."

"Kuma faifaina yana kowane gida."

Dawn, maƙwabciyar su Kawu mai kiwon kaji, ta juyo daga kujerarta. "A kan bishiya, Nev. Rataye su muke yi, ƙyallinsu yana korar aku daga 'ya'yan itace."

"Yana gidan ko ba ya gidan?"

"Yana gidan."

"To shi ke nan. Ke nan har manoma sun dogara da ni. Ku saurara, jama'a. Gwamnati ba ta ceton ƙaramin abu. In kai kaɗai ne ka faɗi, ka faɗi. Amma in ka yi girman da faɗuwarka za ta danne gari, da gudu za ta zo ta tare ka. Zan tara duk wanda ya taɓa shiga Baƙar Aradu, daga faifan farko har na huɗu, mu tsaya a gaban Minista mu buga mata. Ta ga yawanmu, ta ji ƙarfinmu. Za ta gina mana zauren kiɗa, ta sayi sauran faifan ta raba wa makarantu."

"Laifin me yaran suka yi?" in ji Dawn.

"Kuma kowa zai sa riga mai ruwan lemo irin ta ma'aikata. Na lura gwamnati ba ta ganin mutum sai yana cikin riga mai ruwan lemo."

Stav ya share hawayen dariya. "Zan zo, mutumina. Wallahi ko shago zan rufe, ba za a ba ni labarin wannan ba."

Haka Kawu ya shiga gari gida-gida, ya ja ni muka tafi tare, wai mutane ba sa zagi a gaban yarinya. Suna yi. Mai gyaran famfo ya tuna masa cewa ya ga jitarsa a hannun wani yaro a bakin ruwa ana tuƙa kwalekwale da ita. Malamar makarantar yara ta ce ta yarda, amma sai ya furta a gabanta cewa ita ta fi shi murya. Ya furta da ƙyar, yana kallon sama, kamar mai haɗiye ƙaya. Duk wanda muka je wa sai ya yi masifa, ya gama, sannan ya tambaya ƙarfe nawa za a haɗu.

Na ƙarshe shi ne Tevita Fonua, direban motar kwasar tarkace ta ƙaramar hukuma, wanda ya buga babbar jita mai ruri a faifai na uku. Ƙaton mutum ne mai sanyin magana. Duk shekara in ya ga littafi mai kyau a cikin tarkace, sai ya ware shi a gefen kujerarsa, ya kawo mini mashaya ya ajiye bai ce komai ba.

"Nev," in ji shi, "ka san ni na ɗauki jitata da hannuna a ƙofar gidanka? Ina bakin aiki. Har na ɗaga ta zan jefa a mota na ga sunana a jiki."

"Ka ga ke nan ta dawo hannun mai ita. Ni na tsara haka."

Tevita ya dube shi, ya dube ni. "Tamsin za ta zo?"

Da jin sunana, na duƙufa ina nazarin takalmina.

"Za ta zo," in ji Kawu.

"To zan zo."

Ranar Laraba da rana aka yi gwaji a gareji. Mutum sama da ashirin, masu ganga kaɗai biyar, kowa da kayansa, wasu sababbi, wasu na aro. Tun kafin a buga komai aka fara faɗa a kan su wane ne 'yan asali.

"Mu na faifai na biyu mu muka kafa sunan ƙungiyar nan," in ji Stav.

"Kun kafa ta a ƙasa," in ji mai gyaran famfo. "Mu muka tono ta."

"Ku? Faifanku ko aku ba ya tsoro!"

Kawu ya hau kan akwati ya ce a yi shiru, za a buga "Wuta a Kan Kwalta". Waƙar tana cikin faifan nan huɗu duka, domin ita kaɗai ce ya taɓa rubutawa har ƙarshe. Sai dai a faifan farko da gudu take tafiya. A na biyu a hankali, don lokacin yana ciwon baya. A na uku akwai wani dogon kukan jita a tsakiya da mai gyaran famfo ya ƙi yankewa. A na huɗu kuma akwai wata ƙara mai tayar da tsikar jiki, wadda Kawu yake cewa daga zuciyarsa ta fito, alhali ƙusa ya taka ana cikin ɗauka.

Ya ƙirga, aka fara. Kowa ya buga ta faifansa.

Ban san yadda zan kwatanta ba. 'Yan faifan farko sun kai ƙarshe sun ajiye hannu, 'yan na biyu ba su gama baitin farko ba. Mai gyaran famfo ya lumshe ido ya shiga kukan jitarsa, ba mai jiransa. Kwalayen faifai suka fara zamewa daga sama. Sai wani abu ya yi tas a bango, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke.

Dawn ta shigo da rabin kanta a jiƙe, na'urar busar da gashi a hannu.

"Neville Tulloch! Kajina sun hau bishiya sun ƙi saukowa!"

"Kin gani?" in ji Kawu, yana haki, fuskarsa tana sheƙi. "Da ƙarfinmu muka kashe wutar unguwa. Minista ta ji wannan, ai zaure biyu za ta gina."

Ni kaɗai na lura da Anti Glenys a bakin ƙofar gareji. Fuskarta a murtuke, amma yatsunta suna buga katakon ƙofar, kuma a duk garejin su kaɗai ne suke kan kiɗan daidai.

Kawu ya ce kowa ya bar kayansa a nan, shi zai kula da su har Asabar. Kowa ya bari. Tevita ne kaɗai ya saɓa jitarsa a kafaɗa.

"Ni na yi karatu a makarantar nan," in ji shi.

Asabar da sassafe na iso na tarar Kawu ya fitar da komai shi kaɗai. Ganguna, jitoci, lasifikoki, har kwalayen faifan da za a nuna wa Minista, duk ya jera su a kan ciyawar bakin titi, don in Stav ya zo da a-kori-kurarsa a loda da sauri. Hagu da dama maƙwabta sun fitar da nasu katifu da kujeru.

"Kawu, yau fa ake fara makon tarkace."

"To sai me? Akwai wanda bai san kayan Baƙar Aradu ba a garin nan? Wa zai taɓa? Mutane tsayawa za su yi suna ɗaukar hoto."

"Bari in zauna in tsare."

"Ke, akwai abin da ya fi wannan. Ruga shago ki sayo mini hoda, babbar gwangwani."

Wandon fata ne matsalar. Wanda ya sa a hoton faifan farko, lokacin yana siriri kamar sandar kamun kifi. Ya rantse da shi zai tsaya a gaban Minista, wandon kuma ya rantse ba zai wuce gwiwa ba. Ya shige ɗaki yana kokawa da shi, ni kuma na tafi shago.

A hanyar dawowa na fara haɗuwa da su. Wani tsoho ya wuce ni da sandar makirufo a kafaɗa, ya ce za ta yi wa tumatirinsa daidai. Wasu mata biyu suna mirgina babbar ganga. Wani mai gonar tuffa ya cika bayan motarsa da kwalayen faifai, yana ta washe baki. Sannan ga Dawn, ta ɗora lasifika a kan baro tana turawa.

"Anti Dawn, wannan fa na Kawu ne!"

"Da na Kawu ne, 'yar nan. In na cire cikin, kajina sun samu ɗakin ƙwai."

Daidai nan Kawu ya fito. Ya ci nasara a kan wandon ba tare da hodar ba, amma gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, tafiya yake kamar almakashi. Ya dubi ciyawar. Ba abin da ya rage sai wata tsinkakkiyar waya da tsagaggen farantin ƙarfe ɗaya, irin wanda mai ganga ke dokawa.

"Ɓarayi! Dawn! Mayar mini da lasifikata!"

"A bakin titi na same ta, Nev, a makon tarkace. Ba a mayarwa. Kai ka koya wa garin nan haka."

Wani da ke wucewa da jita a hammata ya ɗaga masa hannu. "Sannu da ritaya, Nev! Mun gode, Allah ya ba da hutu!"

Kawu ya bi shi, ƙafa a sandare, mutumin ko sauri bai ƙara ba ya tsere masa.

Sai ga Stav da a-kori-kura, sauran 'yan ƙungiya a baya cikin rigunansu masu ruwan lemo. Stav ya sauko, ya ɗauki farantin nan mai tsaga, ya juya shi.

"Ina gangunana?"

"Sun… shiga gari."

"Sau biyu, Nev! Sau biyu kana jefar mini da ganga a wuri ɗaya, a kan ciyawa ɗaya!"

Hayaniya ta kaure. Malamar makarantar yara ta ce jitar ta mijinta ce, bai ma san ta ɗauko ba. Kawu ya ɗaga hannu biyu.

"Ku natsu! Makaɗin gaske ba ya buƙatar kaya. Kaya na masu koyo ne. Ku dubi layin nan, Allah ya shimfiɗa mana kayan kiɗa kyauta. Kuma in Minista ta gan mu da tarkace, ai ta ga talaucin da idonta. Ni da gangan ma na yi."

Ba don sun yarda ba, sai don sun riga sun sa rigunan, suka bazu a layin suna tsince-tsince. Stav ya samu gangar ƙarfen da ke cikin injin wanki. Wani ya samu tukwane, wani bokitin fenti, mai gyaran famfo ya samu jitar roba ta yara mai hoton kifi. Kawu bai iya zama ba, don haka aka ɗaga shi aka tsayar a bayan a-kori-kura, ya riƙe ƙarfe, muka ratsa gari da shi kamar gunki.

A ƙofar masana'anta gari ya cika. Ana gasa nama ana sa wa mutane a biredi, masu ɗaukar hoton talabijin sun kafa kayansu. Minista tana tsaye da hular kwano da sabuwar riga mai ruwan lemo wadda ko layin ninkinta bai baje ba. Tana hango mu ta taho da fara'a, masu hoto suna bin ta. Kawu ya zungure ni.

"Ba na faɗa miki ba? Rigar ce."

"Sannunku da aiki," in ji Minista, tana ba su hannu ɗaya bayan ɗaya. "A wane sashe kuke?"

"Sashen tsawa, ranki ya daɗe," in ji Kawu, ya karɓe makirufon daga hannunta kamar dama shi ta miƙo wa. "Jama'ar Port Ellery! Ranki ya daɗe! Ga masana'anta ta biyu a garin nan, wadda ita ma in ta faɗi ba gidan da ba zai ji ba. Faifai huɗu! Ma'aikata ba iyaka! Ki saurara da kunnenki ki ji abin da ƙasa za ta rasa!"

Ya ƙirga. Stav ya rufe gangar injin wankin da duka a hankali, irin na faifai na biyu. Masu tukwane suka zabura da gudun faifan farko. Jitar roba ta shiga kukanta, siririn kuka kamar na sauro. Tevita kaɗai yake da jitar gaske, amma ba lasifika, sai dai ka ga yatsunsa suna motsi. Kawu ya rufe ido yana rera "Wuta a Kan Kwalta" da dukkan ƙarfinsa, jijiyar wuya a miƙe.

Da aka zo wurin ƙarar nan ta faifai na huɗu, sai ya tuna hoton faifan farko, inda ya yi tsalle ya ware ƙafafu a iska. Ya yi tsallen.

Makirufon yana hannunsa, ya sauko da shi daidai ƙugu. Don haka duk Port Ellery, da masu kallo a gida, sun ji wandon fatan nan ya yage tun daga gaba har baya, da ƙarar da ta fi duk abin da Baƙar Aradu ta taɓa bugawa. Fararen akun da ke kan wayar lantarki suka tashi gaba ɗaya suna ihu. Gajeren wandon da ke ciki mai hoton abarba ne.

Kiɗa ya tsaya. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko za a sake.

Minista mace ce mai ladabi. Ta karɓi makirufonta a hankali, ta kafe idonta a fuskar Kawu ba ta yarda ya sauka ƙasa ba.

"Malam, na gode. Mutum nawa ne suke cin abinci da wannan ƙungiya?"

Ba wanda ya motsa. Kawu ya ɗaga hannu, ya tuna wandon, ya mayar da hannun baya.

"Ranki ya daɗe," in ji Stav, "tambayi waɗanda ya kora."

"To, wa ya taɓa kora?"

Duk masu riga mai ruwan lemo suka ɗaga hannu. Sannan hannuwa suka fara tashi a cikin taro: mai gasa nama, matar mai kantin magani, ɗan sandan da ke tsaron ƙofa. Har mai riƙe da na'urar ɗaukar hoto ya saki hannu ɗaya ya ɗaga.

"Malam," in ji Minista, "mu don kada a kori mutane muke ceton wuri." Ta cire rigarta mai ruwan lemo ta miƙa masa. "Ɗaura wannan a ƙugu. Iyakar tallafin da zan iya ba ka ke nan."

Taro ya fashe. Dawn ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Minista ta koma wurin jawabinta, jama'a suka bi ta suna waiwaye.

'Yan ƙungiya kuwa suka ja gefe suka haɗa kai. Na ji Stav yana cewa rabon da ya yi dariya haka tun yana saurayi, kuma akwai fili a bayan shagonsa, in sun bi gari sun roƙo kayansu, me zai hana su riƙa haɗuwa ranar Lahadi? Mai gyaran famfo ya ce da sharaɗi ɗaya. Kowa ya ce ai sharaɗin a bayyane yake.

Tevita ya zo ya ɗauki Kawu cak, kamar jariri, ya tsallaka titi da shi. A ɗaya gefen wani ya fitar da tsohuwar doguwar kujera ya ajiye a kan ciyawa. A kanta ya zaunar da shi, ya gyara masa rigar Minista a cinya.

"Ka yi haƙuri, Nev," in ji shi. "Ba za mu iya kallon idonka mu faɗa maka ba."

Da aka tashi daga taro, kowa sai ya biyo ta gabansa.

"Wannan yana aiki kuwa?" in ji Dawn.

"Ƙara kawai yake yi," in ji Stav. "Ba ya kashuwa."

Wani ya tsaya ya daɗe yana latsa kujerar, ya tambaya ko za a iya ba shi ita ban da abin da ke kai.

Kawu ya mayar wa na farko magana, ya mayar wa na biyu. Mutane suka ragu. Na zo na zauna a hannun kujerar, Tevita yana tsaye nesa kaɗan yana kallon teku.

"Tam," in ji Kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa, "garejin ya tafi, ko?"

"Ya tafi, Kawu."

Sai ga wata mota mai lotsattsen sama ta taho a hankali, irin tafiyar masu duba tarkace. Ta wuce mu kaɗan, ta tsaya, ta dawo da baya. Anti Glenys ta sauke gilashi, ta ƙare wa Kawu kallo daga sama har ƙasa.

"Tevita, wannan na wani ne?"

"Ba mai shi, Anti. Ajiye shi aka yi."

"Ya tsufa. Ga tsatsa, ga yagewa." Ta juya ga Tevita. "Sa mini shi a mota."

Tevita ya buɗe ƙofar baya, sai ya tsaya. A kan kujerar akwai jar jitar Kawu, ta faifan farko, da ƙaramar ganga ɗaya, da sanduna biyu da suka yi baƙi don tsufa.

Kawu ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Glenys… jitata."

"Jitata. Na riga kowa fitowa da safe, a bakin titi na same ta. In kana son bugawa sai ka roƙi aro."

"Sandunan fa? Ai na ɗauka kin jefar tun…"

"Shiga mota, Nev, kana ba mutane tsoro da abarbar nan. Gareji na motata ne, an gama wannan maganar. Amma ranar Lahadi da rana kicin ba kowa. Ni ke ba da kiɗa, kuma ni ke kora."

Ya shiga da baya-baya, yana riƙe da rigar Minista. Motar ta tashi. Tevita ya ciro wani littafi daga aljihun rigarsa, bangonsa ya ɗan jiƙe da raɓa, ya miƙo mini. Wannan karon bai ajiye ya tafi ba, ya tsaya har na buɗe shafin farko.

A ranar motar Anti Glenys ta kwana a gareji. Kajin Dawn suna ƙwai a cikin lasifika, ta ce ba su taɓa yi da yawa haka ba, Kawu kuma ya ce albarkacin kiɗansa ne da ya kama katakon. Rigar Minista tana rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce gwamnati da hannunta ta rufa masa asiri, kuma ba wanda ya taɓa musa masa.

Ranar Lahadi in ka bi ta layin da rana, za ka ji "Wuta a Kan Kwalta" tana fitowa ta tagar kicin, jita ɗaya da ganga ɗaya, a kan gudun faifan farko. Wani lokaci gangar takan tsaya cak, ka ji muryar Anti Glenys:

"Ka sake kuskure, Nev. Ka tuna fa na san inda na tsince ka."